Katifar Roba, Katifar Soso, da Rigar da ke Tsare Su: Jawabin da Anka Gabatar Ranar Bikin Cikar Shekarar Ƙungiya

Hajiya Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwana mata na Wurno, da baƙinmu da sunka taso tun daga Rabah da Goronyo, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Allah shi maimaita muna.

Na san akwai masu cewa a ransu, ranar biki kuma sai maganar katifa? To, kowacce uwa a nan ta san inda kwasar adashi ke tafiya in auren ɗiya ya matso. Bayan gado, ba abin da ke cin kuɗi a kayan ɗaki kamar katifa. Kuma ita ce kayan da ba a ganin cikinsa. Kwano kina ƙwanƙwasa shi ki ji ƙararsa, atamfa kina murza bakinta ki gane ta, amma katifa an lulluɓe ta da yadi mai furanni, an naɗe da leda, sai abin da mai shago ya faɗa miki. Shekara biyu sai ki je gidan ɗiyarki ki tarar tsakiyar ta lotsa kamar kwarya, tana kukan ciwon baya, ga ciki ko ga goyo, kuma kunya ba ta barinta ta ce kayan da kika kai mata ne.

Abin da ya ƙara sa wagga magana ta taso shi ne wata kalma da ta shigo bakin masu sayar da katifa, wato lateks. Za a ce miki wannan lateks ce, ta fi soso, ba ta lotsawa, ba ta zafi, sai a ɗora kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, amma sai in lateks ɗin ce da gaske. Don haka bari mu fara da sanin mene ne shi.

Kun san farin nonon da ke fita in an karya reshen tumfafiya. Itacen roba ma haka yake, sai dai shi nasa nonon in an sarrafa shi yana zama roba. Wannan nonon shi ne lateks. Asalin itacen daga dajin Amazon na ƙasar Barazil yake. A 1876 wani Bature, Henry Wickham, ya kwashi irinsa ya kai Ingila, daga can anka yaɗa shi ƙasashen Asiya, har yau ƙasar Tailan ce ta fi kowa samar da shi. Mu ma a Nijeriya ana nomansa a kudu, a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba da maƙwabtansu, har akwai cibiyar bincike kan roba a Iyanomo kusa da birnin Benin. Ba ya yi a ƙasarmu don ruwan sama yake so mai yawa. Sai itacen ya kai wajen shekara shida zuwa bakwai kafin a fara tsaga ɓawonsa ana tarar nonon a ɗan kofi, kaɗan-kaɗan. Ku ƙiyasta kofi nawa za a tara kafin a samu katifa guda. Abu mai wannan wahala ba ya zuwa da araha, kuma in kika ji an ce miki ga lateks zalla da kuɗin soso, to kin riga kin samu amsarki.

Yadda ake mai da shi katifa, ana kaɗa nonon ne har ya yi kumfa kamar an kaɗa ƙwai, a zuba a mazubi, a gasa shi da tururi, a wanke, a busar. Kamfanin Dunlop na Ingila ne ya fito da wannan hanya a 1929, shi ya sa ake kiranta Dunlop. Akwai ta biyu da ake kira Talalay, tata katifar ta fi taushi, ta kuma fi tsada. Mazubin yana da ƙusoshi da ke kai zafi cikin kumfar, don haka katifar roba ta gaske za ki gan ta da ramuka jere reras a jikinta, kamar an huda da yatsa. Ku riƙe wannan, alama ce ta farko. Ramukan nan kuma su ke sa iska tana ratsa ta.

Shi kuwa soson da munka saba da shi ba ruwansa da itace. Haɗin sinadarai ne da ake samu daga man fetur. Ba aibu ba ne, shi ne a kusan kowane ɗaki a garin nan, kuma manyan kamfanonin da kunka sani, irin su Vitafoam da anka kafa a 1962, da Mouka wanda tushensa daga Kano yake, da shi sunka yi suna. Abin da ke raba soso mai kyau da na banza shi ne nauyinsa, abin da 'yan kasuwa ke ce wa densiti. Sannan akwai na tsakiya, robar da ba ta itace ba, wadda ita ma daga man fetur ake yinta, ana kuma gauraya ta da ta itace. Duka ana iya rubuta musu lateks a jiki. Wata katifar ma soso ce daga ƙasa har sama, an shimfiɗa mata roba mai kaurin inci ɗaya a bisa, an ba ta sunan gaba ɗaya. Don haka tambayar ba "lateks ce?" ba ce. Tambayar ita ce, inci nawa ne roba a ciki, kuma ta itace ce ko gauraye?

Yanzu ga wurin da nake so ku ba ni hankalinku, don shi ne abin da za ku iya yi da hannunku ba sai kun dogara da bakin kowa ba. Mu mutanen shinkafa da albasa da tafarnuwa ne, sikeli ba baƙonmu ba ne. Ɗauki katifar da anka fi saya wa amare, ƙafa 6 a tsawo, ƙafa 4 da rabi a faɗi, kauri inci 8. A wannan girman lissafin yana da sauƙi: nauyin katifar a kilo kusan rabin lambar densitinta ne. In an ce miki densiti 20 ne, ya kamata ta yi wajen kilo 10. In an ce 30 ne, wajen kilo 15, sai ɗan abin da yadin jikinta ya ƙara. Ita kuwa roba ta gaske densitinta yakan kama daga wajen 65 zuwa 90, ke nan katifar za ta yi kilo 30 da wani abu har zuwa 45, ta kusa buhun shinkafa mai kilo 50. In yaron shago ya ɗaga ta da hannu ɗaya ya ɗora a ka yana tafiya yana waya, wallahi ba roba ba ce, ko mi anka rubuta a jikinta.

Sai dai nauyi kaɗai ba ya yanke hukunci, don masu ha'inci su ma sun san da sikeli. Ana zuba garin alli cikin haɗin don ya ƙara nauyi, irin wannan da wuri yake fara marmashewa. Akwai kuma wadda ake ce wa otofedik, da yawa daga cikinta gutsattsarin soso ne anka manne da gam anka matse, in kin ga cikinta za ki gan ta kala-kala kamar dambu. Tana da nauyi, tana da tauri, tana da amfaninta ga mai son wuri mai ƙarfi, amma ba roba ba ce, kada a sayar miki da ita a kuɗin roba. Shi ya sa bayan sikeli sai ido da hannu. Ki ce a buɗe miki zif ki gani. Roba fara ce mai ɗan ruwan madara, da ramukan nan, da ɗan warin roba kamar na sabon balan-balan. Ki danna da dunƙulen hannu ki saki: tana biyo hannunki nan take, ba ta barin gurbi. In mai shago ya ce ba a buɗewa, ki ce na gode, ki yi gaba. Ki duba tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kaya, ki karɓi rasit da takardar garanti da sunan katifar a rubuce. Ana samun masu rufe soso mara nauyi da yadi mai ɗauke da sunan babban kamfani, don haka dilan da kamfanin ya yarda da shi a Sakkwato ya fi wanda ya zo da su a bisa mota ranar kasuwa, ko da nasa ya fi sauƙi. Araha ba ta ado.

To, a ce an samu ta gasken. Ta dace da zamanmu? Nan ne zan faɗi ra'ayina, kuma wadda ta ga daban ta faɗi nata. Roba tana da alheri. Tana daɗewa fiye da soso in an kula da ita, ba ta saurin lotsawa, kuma ba ta riƙe zafin jiki kamar sabon soson nan da ke bin siffar jiki, wanda zafi ke ƙara sa shi laushi. Ga tsohuwa mai ciwon ƙugu, ko majinyacin da ya daɗe a kwance, tana da daɗi ƙwarai. Amma tana da abokan gaba uku, kuma duka ukun a tsakar gidanmu suke kwana.

Na farko rana. Mu al'adarmu, yaro ya yi fitsari, a fitar da katifa a jingine ta da katanga ta wuni. An ji kuɗin cizo, a fitar da ita rana. Roba ba ta yarda da wannan ba. Kun ga yadda silifa ko tiyon ban-ruwa ke yi in ya daɗe a rana, ya bushe, ya tsattsage. Haka katifar roba ke yi, ta yi ja, ta bushe, ta fara zuba kamar garin rogo. Kuma tamu ranar ba irin ta ko'ina ba ce, daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40. Tun daga ɗaukowa ma za a kiyaye: kada a ɗaure ta tsirara a bisa mota daga Sakkwato a biyo hanyar Achida da tsakar rana, igiya tana yanka ta.

Na biyu mai. Kalanzir, fetur, man shafawa mai kauri, duk suna sa roba ta kumbura ta ruɓe. Wadda ke yayyafa kalanzir a gado don ƙwari, ta sani kashe katifarta take yi.

Na uku ja. Da bazara wa ke kwana cikin ɗaki? Kullum da magariba ana jawo shimfiɗa waje, da safe a mayar. Katifa mai kilo 40, wadda ba ta tsayawa ƙyam sai lanƙwashewa, in ana kama kusurwarta ana ja, yagewa za ta yi. Ita katifar zama wuri ɗaya ce. Wadda ta saye ta, sai ta tanadi tabarma da ƙaramar katifa ta daban don tsakar gida.

Don haka ni a ganina, ga yawancinmu, soso mai nauyi na gaskiya da riga mai kyau ya fi lateks ɗin da ba a tabbatar da shi ba. Mai hali da ke son daɗin roba tana iya sayen shimfiɗar roba mai inci 2 ta ɗora bisa soso mai ƙarfi, in ɗaya ya gaji a sauya shi kaɗai. Kuma kada mu raina katifar audugar rimi ta iyayenmu, wadda in ta kwanta ake farke ta a shanya audugar a sake ɗurawa. Ita ce kaɗai a cikinsu da ranarmu ke yi wa amfani. Abu ɗaya kuma, akwai mutanen da jikinsu bai jituwa da robar itace. Wadda safar hannu ta asibiti ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi, ko numfashi ya riƙa kama ta, ta tambayi likita kafin ta kawo roba ɗakinta.

Mu zo ga riga, wadda a wurina ta fi zaɓen katifar muhimmanci, don ita ce ke hannunmu. Abu na farko, ledar shago. Na san dalilin barinta: amarya tana so a ga sabuwa ce, uwa tana tsoron fitsari. Amma ledar nan don hanya anka yi ta. Ba ta numfashi. Gumi yana taruwa a bisa, mutum ya kwana cikin jiƙa, yara su tashi da ƙurajen zafi. In ta ɗan huje kuma, ruwa ya shiga ba ya fita, da damina sai fumfuna da wari. Ga haɗari ga jariri, don leda mai laushi tana iya manne wa hancinsa. A cire ta ranar jere. Tun da na ambaci jariri, shi wuri mai ɗan ƙarfi yake so, a kwantar da shi rigingine, ba cikin katifar da fuskarsa za ta nutse ba.

Abin da katifa ke so hawa uku ne. Na ciki riga ce ta yadin auduga mai matsattsiyar saƙa, wadda ta rufe katifar sama da ƙasa da gefe, da zif. Aikinta tare ƙurar hunturu da hana kuɗin cizo wurin ɓuya. Bisa gare ta sai abin tare ruwa. Akwai robar shimfiɗa irin ta asibiti, makintosh, tana aiki, amma tana da zafi, don haka ba sai ta rufe dukan gado ba, a sa ta daidai inda yaro ko majinyaci ke kwanciya, a ɗora tsohon zane mai kauri a kai. Wadda ta fi ta ita ce mai fuska biyu, sama kamar tawul, ƙasa da siririn shafe mai hana ruwa wucewa. Kafin ki saya, ki zuba ruwa cikin tafin yadin ki riƙe na ɗan lokaci ki gani ko zai ɗiga. Sai zanen gado a sama. Mai goyo ta yi ƙoƙari ta mallaki abin tare ruwan nan guda biyu, ɗaya na gado ɗaya na kan igiya. Ba a sa masa dutsen guga, ba a sa masa bilic, kuma a inuwa ake shanya shi, in ba haka ba shafen zai ɓare.

In an yi rashin sa'a ruwa ya kai ga katifar, kada a kwarara mata wani ruwan. A danna tsumma busasshe ya tsotse, a goge da ɗan ruwan sabulu, a jingine ta a inuwa inda iska ke bi har ta bushe sarai. Kuma a raba ta da ƙasa. Katifar da ke kwance a daɓe ko siminti tana jan danshi ta ƙasa. Mu da ke bakin fadama ba sai an gaya mana ba, kuma waɗanda sunka ga ambaliyar Gulbin Rima ta 2010, da ta ci garuruwa a Goronyo da nan yankinmu, sun san katifar da ta sha ruwan ambaliya da wuya ta koma ta kwanciya. In gadon mai katakai jere ne, kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce faɗin yatsu huɗu, don roba tana zurmawa cikin gibin. Duk wata uku a juya kai ya koma ƙafa.

Kuɗin cizo kuwa ba ruwansa da tsadar katifa. Ba cikin robar yake zama ba, a bakin ɗinki yake, da gaɓoɓin gado, da tsagar bango. Yana iya yin watanni bai ci komi ba, shi ya sa in an rufe katifar da ke da shi cikin riga mai zif, sai a bar ta a rufe har shekara. Abin da ke kashe shi da ƙwansa zafi ne, don haka tafasasshen ruwa ga zannuwa da gaɓoɓin gado, ba ga katifar ba. Ina roƙonku, kada a zuba fiya-fiya a shimfiɗar da mutum zai kwanta. Guba ce, tana shiga ta fata da numfashi, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta sa takunkumi kan sayar da ƙananan kwalaben irin wannan maganin a kasuwanni. Ƙwayar maganin da ake sa wa hatsi a rumbu ta fi shi muni, iskarta tana kashe mutum a rufaffen ɗaki. Haka wuta: soso yana kamawa nan da nan, hayaƙinsa guba ne, roba ma tana ci. Kaskon garwashi na mai jego da maganin sauro na kunnawa su yi nesa da gado.

Rigar nan ta ciki ba sai an sayo ta daga Legas ba. Muna da kekuna, muna da masu ɗinki a cikinmu. Ga katifar da na ambata, yadi 6 na auduga mai faɗin inci 60 ya isa. Atamfa faɗinta bai kai na katifar ba, sai an yi haɗi, kuma kowane haɗi ɗaki ne ga kuɗin cizo, don haka a nemi yadi mai faɗi. A wanke shi tukuna kafin a yanka, don auduga tana shiga in ta sha ruwa, in ba haka ba wankin farko rigar za ta ƙi komawa. Ɗinki ya koma ciki, ba kwalliyar igiya a gefe. Zif ya zagaye gefe uku yadda mace ɗaya za ta iya cirewa ba tare da ta ja katifar ba, kuma a yi ɗan murfi a ƙarshen zif ɗin, don ta wannan ɗan ramin ƙwaron ke shiga.

Shawarar da nake kawo wa kwamiti ita ce, masu auren ɗiya a shekara guda su haɗa sayayyarsu. A tura mutum biyu ko uku Sakkwato da sikeli, a auna kowacce katifa a gaban dila kafin a biya, a rubuta nauyinta a bayan rasit. Mai sayen goma ana saurarenta fiye da mai sayen ɗaya. Yadin riga kuma a sayo bandir, masu kekenmu su ɗinka, kuɗin ɗinkin ya tsaya cikin ƙungiya. Wadda ke son a ɗinka mata, ko take son shiga cikin masu ɗinkin, ta ba sakatariya sunanta kafin a watse, in za ta zo taro na gaba kuma ta zo da awon katifarta a rubuce: tsawo, faɗi da kauri, a inci.